Nasiru Yana Jiran Innarsa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Luba, amma ɗanta Nasiru bai sani ba har yau. Ya kai shekara ashirin, har gemu ya fara fito masa, kuma duk ranar Talata da la'asar sai ya zauna a bakin zaure yana kallon hanyar kasuwa.

Tun yana ƙarami ba ya kallon mutum ido cikin ido, ba ya son hayaniya, maganarsa kuma 'yar kaɗan ce. Mutanen ƙauyenmu suka ce iska ce. Yaya ta sha yawo da shi wurin masu ruƙiyya da masu turare, sannan ta kai shi asibitin ƙaramar hukuma, inda aka ba shi maganin zazzaɓi. Sai a Sakkwato wani likita ya ce mata ana kiran abin otizim, ba aljanu ba ne, kuma yaron yana fahimta fiye da yadda muke zato. Ta dawo gida da sunan ciwo, amma babu wanda zai koya mata yadda za ta yi da shi.

Ba ta zauna ba. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take kaiwa kasuwar Talata Mafara, kuma sau da yawa sai ta biya ta sakatariyar ƙaramar hukuma, ofishin jin daɗin jama'a. Kekunan guragu suke rabawa da sandunan makafi. Na raka ta wata rana, jami'in ya dubi Nasiru sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, wanga yaro ai lahiyatai lau. Ga ƙahwa, ga ido. Mi kika so mu ba shi?" Yaya ta ce, "Mutum nika so, wanda ya san ciwon." Amma babu irin wannan mutumin a duk ginin. Ban ga laifinsa ba, shi ma ba a koya masa ba.

Ranar da ta rasu, baffansa ya ce a kai shi Bakura wurin dangi kafin a yi jana'iza, kada ya yi ta ihu a gaban masu gaisuwa. Haka ake yi wa ƙananan yara a wurinmu, kuma kowa ƙaramin yaro yake ɗaukarsa. Da aka dawo da shi ya ce, "Inna?" sai aka ce masa ta tafi kasuwa. An ɗauka zai manta. Nasiru kuwa ba ya mantuwa, kuma abin da ka faɗa masa, shi ke nan ya zauna.

Da Yaya za ta leƙo yau, za ta ga an yi wa sakatariya sabon fenti da babbar ƙofa, kuma na san sai ta yi wannan dariyar tata mai ciwo. Na koma can bana, ni da riƙonsa ya dawo hannuna. Tambaya ɗaya na kai musu: ta yaya ake gaya wa irin Nasiru cewa mahaifiyarsa ta mutu? Wata baiwar Allah a ofishin ta tausaya mini ƙwarai, ta ce in je Gusau ko Sakkwato. Da wace hanyar? Mu da ko gona ba ma zuwa sai da fargaba. Ashe ba aikin hukumar da ta fi kusa da mu ba ne ta ajiye ko da ma'aikaci ɗaya da ya san wannan lalura?

Yanzu rabin ƙauyenmu ya watse saboda 'yan bindiga. Maigidana ya samo mana ɗaki a cikin gari, yara sun riga sun tafi. Nasiru ya ƙi shiga mota. Na lallashe shi, na yi faɗa, har kuka na yi. A ƙarshe na daure na ce masa, "Nasiru, Inna ta rasu." Ya dube ni, abin da ba ya yi, ya ce, "Ta tahi kasuwa."

Abin da ya rage na Yaya Luba ke nan: ɗa guda da bai taɓa shakkar za ta dawo ba. Allah Ya jiƙanta. Ni dai na rasa yadda zan yi, na sauke kayana daga mota.