Kawu Bitrus da Dutsen da Ke Barci

Ku da kuka san Kawu Bitrus kun san ba ya wuce abu sai ya ɗora masa bayan hannu ya ji zafinsa: butar shayi, bonet ɗin mota, goshin jikoki. Shekarun da ya yi yana kula da boila, wato tukunyar tururi, a masaƙar Kakuri ne suka bar masa wannan hali.

Bayan sojoji sun miƙa mulki, 'yarsa Rahila mai aikin nas a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen ta aiko ya je, ni ɗan ƙanwarsa na raka shi. Muna shirin sauka ya leƙa ta tagar jirgi, ya ga ruwa ta ko'ina.

"To, ina hanyar fita?"

"Ta sama, Kawu."

Ya ja marfin tagar ya rufe.

Rana ta uku Rahila ta kai mu gandun da gwamnati ta keɓe saboda dutse mai aman wuta. Ni ma na rikice. Ba zaki, ba giwa, ba ko inuwa, sai baƙaƙen duwatsu kamar gawayi, Turawa na ta ɗaukar hoto. Kawu ya raɗa mini, "Gobara aka yi muka zo jaje?"

Muka bi wani jagora har can sama, inda tururi ke fita daga wani rami, da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kawu ya tsuguna ya taɓa ƙasa, ya ji ta da zafi. Nan take fuskarsa ta canza.

"Rahila, tambayi jagoran nan, wa ke duti yau?"

Ta fassara. Mutumin ya yi dariya, ya ce ba kowa.

"Ina bawul ɗin rage tururi?"

"Babu, Baba. Ya ce dutsen barci yake yi, ya daɗe bai tashi ba."

"Haka sojoji ma suka ce mana sun koma bariki."

Da baya da baya ya sauko, wai shi ba ya juya wa boila ƙeya. A duk hotunan ranar ba inda ya kalli kyamara.

Da muka dawo Sabon Tasha, fasto ya roƙe shi ya ba jama'a labari. Ya miƙe ya ce, "Ban gane komai ba. A sa Rahila a addu'a." Ya zauna abinsa. Muka yi ta dariya.

Sai bayan rasuwarsa Rahila ta gaya mini kowace Lahadi yakan taka har wurin masu waya a bakin kasuwa ya kira ta. Tambaya biyu ce kullum: ta ci abinci, kuma dutsen ya motsa?

Ubangiji ya ba Kawu hutawa, ya tsare masa Rahila. Amin.