Madubi Don Ƙafar Da Babu

Wata rana ce a tsakiyar damina. Talata, 13 ga Agusta, 2024. Tun asuba ake yayyafi, irin wanda ba ya hana fita amma sai ya jiƙa mayafi.

Aikina duba makarantu ne, kuma ranar Malumfashi zan je. Na shiga motar haya a Zariya, na zauna baya gefen taga.

Sai ga wata yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin da ɗaya ba, rungume da dogon madubi an naɗe shi da tsohon zani.

Direba ya ce a sa a but. Ta ce zai fashe. Ya ce a ɗaure a saman mota. Ta ce ai ruwa ake yi.

Ƙarshe dai madubin ya kwanta a kan cinyoyinmu, rabi nata, rabi nawa.

Wata dattijuwa a kujerar gaba ta waiwayo.

“Amarya, tun yanzu aka fara jigilar kayan ɗaki? Ina angon da ya bar ki da dako?”

“Ba na aure ba ne, Inna. Na babana ne.”

“Au, babanki kwalliya yake yi?”

Duk motar aka kwashe da dariya. Ita ma ta ɗan murmusa, amma na lura hannunta bai saki gefen madubin ba.

Ni ba mai hira a mota ba ce. Sai dai da wuya ka riƙe kayan mutum a cinya tsawon tafiya ba ka tambayi sunansa ba.

Juwairiyya sunanta. Tana aji uku a jami'a, tana karanta ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Na ce likita ke nan za ta zama. Ta ce a'a.

“Anti, wannan tambayar ce ta hana ni sakat a gida. Ba likita ba, ba malamar jinya ba. Yayana cewa yake karatun mahaukata nake yi.”

Daga nan ta gaya mini abin da ke tafe da ita.

Mahaifinta tela ne. Ciwon suga ya ci ƙafarsa ta dama, wadda yake taka fedar keken ɗinki da ita, aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Babban ɗansa, Mansir, shi ya naɗe ƙafar a farin ƙyalle ya kai ta maƙabarta ya binne.

Ciwon ya warke. Amma tsohon ya dinga cewa ƙafar na masa ciwo.

Ba dungulmin ba. Ita ƙafar da aka binne.

Ya ce yatsun a dunƙule suke, sun ƙi miƙewa. Da abin ya ishe shi, sai ya yanke cewa a lanƙwashe aka binne ta, lallai a je a tono a gyara mata kwanciya.

Nan 'yan gida suka fara kallon juna. Aka daina shawara da shi. Idan ya yi magana a ce “to, Baba,” a wuce.

Kuma an tsayar da magana, ranar Alhamis Mansir zai kai shi asibitin masu taɓin hankali.

Ta ce, “Ba wai zuwa can abin kunya ba ne, Anti. Mai wannan ciwon can ya kamata a kai shi. Amma Baba ba shi ke damunsa ba. Idan aka kai shi, ko likita ya sallame shi a ranar, a gidanmu maganarsa ta gama daraja.”

A zangon da ya wuce wata malamarsu ta koyar da su ainihin wannan abu a aji. Juwairiyya ta ce ranar ba ta rubuta ko layi ɗaya ba, kallon allo kawai take tana ganin babanta. Bayan darasi ta bi malamar ofis. Malamar ta nuna mata abin da za ta iya gwadawa, ta kuma ja mata kunne cewa ita ɗaliba ce, bayan gwajin sai an kai shi wurin likitocin gashi, wato masu gasa ƙashi da motsa gaɓoɓi.

Muna isa Malumfashi ruwa ya ɓarke da ƙarfi. Babu ɗan acaɓan da zai ɗauki madubi a wannan ruwa. Na tari adaidaita na ce ta shigo in sauke ta.

A ƙofar gidansu ta tsaya, ta ƙi sauka.

“Anti, don Allah ki shigo. Ba sai kin ce komai ba. Idan ni kaɗai ce Yaya zai ce yarinta ce. Idan ya ga babba mai gilashi a bayana, zai bari in gama magana.”

Ban saba shiga gidan da ban sani ba. Na duba agogo, na duba yarinyar, na kama ɗaya gefen madubin.

Mun sami tsohon a zaure, zaune kan tabarma, sandunansa jingine da bango. A kusurwa ga keken ɗinki an lulluɓe shi da buhu. Malam Ilu sunansa. Mutum ne siriri mai tsabta, rigarsa ɗinkin hannunsa ce, ko ba a faɗa ba za ka gane.

Muka gaisa. Mansir ya fito daga cikin gida, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ga madubin.

“Juwaira, mene ne wannan kuma? Shekara uku muna tura ki jami'a, abin da kika samo mana ke nan, madubi?”

Ta durƙusa gaban mahaifinta.

Shi ya fara magana, kuma Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

“Uwata, ke ma kin zo ki gaya mini babu ƙafar? Na san babu. Da idona na ga an fita da ita.”

“A'a, Baba. Na zo ka nuna mini inda take maka ciwo.”



Ya daɗe yana kallonta. Sannan a hankali ya miƙa hannu, ya wuce dungulmin, ya nuna tabarma, wurin da babu komai sai saƙar kaba.

“Nan. Babban yatsa da na kusa da shi. Tun da aka yanke ta, ba wanda ya tambaye ni.”

Na sunkuyar da kai ina gyara mayafin da bai buƙatar gyara.

Ta yi masa bayani da Hausa sassauƙa. Ta ce kowace gaɓa ta jiki tana da wurinta a ƙwaƙwalwa. Likita ya cire ƙafar, amma wurinta na nan a kai, yana aika mata saƙo ba ta amsawa. Ta ce mutane da yawa da aka yanke wa hannu ko ƙafa suna jin haka, kuma lafiyar hankalinsu ƙalau.

Malam Ilu ya gyaɗa kai.

“Wato awon yana nan a kaina, mai rigar ne ya bar gari.”

“Haka ne, Baba. Ka fi malamarmu iya faɗa.”

Ta warware zanin. Ta tsayar da madubin a tsakanin ƙafafunsa, fuskar madubin na kallon ƙafar hagu mai lafiya, dungulmin ya ɓuya a baya. Ni aka ba riƙon saman.

Ta ce ya leƙa.

A cikin madubin ga ƙafafu biyu. Ta hagu, da wata a daidai inda ta dama take a da.

Ta ce ya dunƙule yatsun duka biyun, sannan ya sake su a hankali. Ya gwada, ya girgiza kai. Ya sake gwadawa. Babu abin da ya sauya.

Mansir ya yi tsaki ƙasa-ƙasa.

Sai Juwairiyya ta ɗaga kai ta kalli keken da ke kusurwa.

“Baba, bar yatsun. Taka feda. Kamar kana ɗinkin sallah, mai riga na tsaye a kanka.”

Ƙafar hagu ta fara motsi, diddige ƙasa, yatsu sama. Ta madubin ma haka. A hankali, sannan da sauri, irin takun wanda ya shekara talatin yana yi.

Ba a jin komai sai ruwa a kan kwano.

Can ya tsaya.

“Ta miƙe,” ya ce. “Uwata, ta miƙe.”

Bai ɗauke ido daga madubin ba ya kira ɗansa.

“Mansir.”

“Na'am, Baba.”

“Ashe daidai ka binne ta. Ka yafe mini.”

Sai a lokacin na gane abin da ke cin wannan saurayi. Shi ya ɗauki ƙafar mahaifinsa a hannu, shi ya haƙa, shi ya kwantar da ita, kuma kullum ana ce masa bai yi daidai ba.

Ya zo ya karɓi saman madubin daga hannuna, ya ce, “Hajiya, kin gaji. Kawo in riƙe.”

Zan faɗi gaskiya yadda take, don kada wani ya ɗauka madubi magani ne na nan take. Da yamma ciwon ya dawo. Har yanzu yana zuwa yana tafiya, kuma ba kowa abin ke yi wa aiki ba.

Amma ranar Alhamis, wurin likitocin gashi Mansir ya kai mahaifinsa. Juwairiyya ta ce a hanya har shawara Mansir ya nema wurinsa kan kwanon rufin gidansu da ke yoyo.

Bayan wasu makonni aiki ya sake kai ni garin, na biya in gaishe da Malam Ilu. Ya ce dama yana nemana. Yana so in rubuta masa wasiƙa zuwa ga malamar da ta koyar da darasin nan.

Na ce ai Juwairiyya za ta iya miƙa mata, ko a tura ta waya.

Ya ce, “Haba Hajiya. Ɗaliba ta kai wa malamarta wasiƙar yabo? Sai a ce maki take nema. Waya kuma ta gaisuwa ce. Godiya a ambulan take tafiya.”

Ya faɗa, na rubuta. Gajera ce. Ya gode mata, ya ce da bai san amfanin karatun 'yarsa ba, yanzu ya sani. Layin ƙarshe sai da ya sa na karanta masa sau biyu:

“Ƙafar da babu tana gaishe ki, ta ce yanzu tana samun barci.”

Wasiƙar ta ɗan daɗe a jakata, don na manta rabon da in taka gidan waya. Yau da safe na je, na manna kan sarki, na jefa ta a akwati.

Darasi:

Idan mutum ya ce wani wuri na masa ciwo, kafin ka gaya masa babu wurin, tambaye shi ya nuna maka.

Idan kuma kana da ɗa ko 'ya a jami'a yana karatun da ba ka san sunan aikinsa ba, ka ɗan saurara masa kafin ka yi dariya.

Wanda ya san gidan da ake ce wa wani tsoho “to, Baba” a wuce, ya tura musu wannan.