Gardiyan Issufu da ɗan jaridar Damagaram

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni, babban ɗan jaridar wasanni na jahar Damagaram, wanda manya ke bin layi don su gaisa da shi, yau da safe ina zaune a ofis labari ya iso mini: Alhaji Issufu Gardiyan na Matameye ya rasu.

Shayin da ke gabana har ya huce ban taɓa ba.

Yaran yanzu sun san shi tsoho mai sayar da igiya a kasuwa, mai karkataccen ɗan yatsa. Ba su san shi ne gardiyan, wato mai tsaron ragar kwalejin garin ba, shekarar da suka bi makarantun jaha ɗaya bayan ɗaya suna lallasawa har suka kawo kofi gida. Lokacin uwayen wasunku ma ba a haife su ba.

Ya bar jika guda, Habu, shaƙiyyi na ƙarshe. Kullum gaisuwarsa ita ce, "Tsoho, yaushe za mu ci gumbarka?" Shi kuma ya ce, "Haƙoranka za su riga ni tafiya." Duk da haka in an dama fura, sai ya rage masa a kwano ya rufe da faifai.

Bayan girbin bana Habu ya ari wayar abokinsa, ya toshe hanci, ya kira kakan. Ya ce daga gidan rediyon Damagaram ne, ran Asabar zai zo a yi hira kan shekarar kofi.

Nufinsa tsoho ya sa babbar riga ya zauna ƙofar gida, shi kuma ya zo ya yi dariya. Shi ke nan.

Ashe Alhaji aike ya yi. Cikin 'yan wasan nan mutum biyu suka rage ban da shi: Malam Sale a Dawce, wanda sai da sanda yake tafiya, da Alhaji Mamman a Icirnawa. Ran Asabar duk suka iso. An share zaure, an yanka zakara, maƙwabta sun ji.

Labari ya iske Habu. In ya faɗi gaskiya, ya kunyata kakansa gaban tsaransa, kuma garin nan ba ya mantuwa. In ya yi shiru, tsofaffi uku za su wuni suna leƙen hanya.

Ya ɓuya a tasha har azahar. Daga baya ya ja ƙafa ya je, ya durƙusa bakin zaure.

Kafin ya buɗe baki Alhaji Issufu ya ce, "To, ga ɗan jaridar ya iso."

"Kaka, wallahi ni..."

"Rufe mana baki. Tun sallamarka a waya na gane ka. Da na ce su zo mu yi hira, Sale zai ce ƙafa, Mamman zai ce gona. Da suka ji rediyo, ga su nan har da turare. Fito da wayarka ka ɗauka."

Alhaji Mamman ya ce, "Wato Issufu, da mu aka yi wasan."

"Da ku. Zauna."

Har la'asar ta yi sanyi ba su gama labari ba. Yadda suka tafi wasan ƙarshe a bayan motar gyaɗa, mushensu, wato malaminsu, yana gaba rungume da ƙwallo. Yadda telan gari ya ɗinka musu riguna, ta Sale ta kai gwiwa. Yadda aka ba abokan karawarsu 'yan birni fenariti, Issufu ya tare, yatsa ya karye, ya ɗaure da tsumma ya ƙi gaya wa kowa don kada a fitar da shi.

Malam Sale ya ce shi ya ci ƙwallon nasara da ka.

Alhaji Mamman ya ce, "Da ƙeya dai. Gudu kake ta same ka."

Suka yi ta musu kamar jiya aka tashi wasan. Malam Sale ya yi dariya har yana share ido da hannun riga.

Shekaranjiya Habu ya je duba kakan, jiki ya yi nauyi. Tsoho ya ce a kunna masa hirar. Ya saurara ido rufe, da aka zo wurin ƙeya ya yi murmushi. Sai ya kama hannun yaron ya ce, "Na gode da ƙaryar nan taka. Ran da na tafi, ɗan jaridar nan nake so ya yi sanarwa. Kada ka bar wa kowa."

Allah ya jiƙan Alhaji Issufu, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da abokan wasansa da suka riga shi a Aljanna. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko a tasha yake ko a gona.

To Kaka, ɗan jaridar ya yi sanarwa.

Jama'a, ba ofis, ba manya masu bin layi. Ina tsugune kan taya aka zo aka faɗa mini. Ni ne Habu mai faci na bakin tasha, allo kaɗai na yi, bokon nan ma shi ya koya mini da tsinke a ƙasa. Na gode, tsoho.