Dutsen Baturen da Na Kifa a Tsakar Gidana

Laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba, kuma wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da shi. A lokacin ina gadin wata tsohuwar maƙabartar Turawa a Jimeta, can wajen bakin kogi, wurin da ba mai zuwa sai awaki.

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika gari, gidana na Dubeli ya cika da 'yan uwa, ruwan wanke-wanke da na alwala ya mai da tsakar gidan taɓo, har Goggona ta zame ta bugu a ƙugu. Sai na tuna da wani dutsen kabari da ya faɗi cikin ciyawa, na ce ai mai shi ba shi da kowa a ƙasar nan, na ɗauko shi a keke, na kifa rubutun ƙasa, muka ci gaba da alwala a kai. Allah ya yafe mini.

Bayan shekaru, sai ga wata mata, Madam Rifkatu, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, da takardu cikin leda. Ta ce kakan uwarta Bature ne ɗan Ingila, ma'aikacin kamfanin jirgin ruwa. Ta daɗe tana bin sawu, har aka turo mata wasiyyarsa, inda ya ambaci wata 'ya da ya haifa a Yola, littafin jana'iza na coci kuma ya nuna a nan aka binne shi.

"Baba Maigadi, uwata ta tsufa, so take ta tsaya a kansa kafin ta mutu," in ji ta.

Ta rubuta mini sunan da manyan baƙaƙe, nan take na gane su, don su ne na kifa da hannuna. Amma kunya ta hana ni gaskiya, na kai ta wani kabari marar dutse na ce wannan ne. Ta durƙusa ta yi addu'arta har da hawaye, ta ce ran Lahadi za ta kawo tsohuwar.

Washegari da azahar, rana tsaka, na shigo gida zan yi alwala, Goggo tana zaune a inuwa tana tsinke zogale.

"Kai, ba za ka ba baƙonka kujera ba? Tun ɗazu nasaran nan yake tsaye, hula a hannu," ta ce.

Na juya, ga shi kuwa a gefen dutsen, dogo, wuyansa ja, kakinsa ya koɗe. Bai yi kama da mai fushi ba. Ya dube ni, da Hausa irin ta mutanen zamanin da, ya ce, "Ka kai 'yar jikata kabarin wani." Buta ta suɓuce mini, na sunkuya na ɗauka, ko da na ɗago babu kowa. Goggo ta ce ai ya fita, har ya yi mata sallama da Fulatanci.

Ban tsaya tambayar malamai ba, na nemi mai keke muka mayar da dutsen. Damuwata ita ce na manta inda na ɗauke shi, amma da muka shiga, ciyawa ta kai gwiwa ko'ina ban da wuri guda, daidai faɗin dutsen, ƙasar a share kamar yanzu aka ɗaga shi. Har yau ban san me na gani ba. Ku dai kada ku taɓa kayan mamaci don kuna ganin ba shi da kowa.

Ran Lahadi suka zo, tsohuwar tana dogara sanda. Na tare su a bakin ƙofa, na cire hulata.

"Madam, ƙarya na yi miki, ba wancan ba ne. Ga kakanku nan. Ni na ɗauke dutsensa, na daɗe ina taka sunansa. Mama, ku yafe mini."