Mastura Mai Renon 'Ya'yan Masar

Mahaifiyata Mastura ta fito a fim goma sha ɗaya a Masar. Kada ku wahalar da kanku neman sunanta, ba a taɓa rubuta shi ba. Mai reno take fitowa, ko mai kawo shayi, ta ajiye faranti ta fice.

A Ammariyya, wata unguwa a ƙasa mai tsarki, aka haife ta, jikar alhazan da suka zo a ƙasa ba su koma ba. Ni Zakiya ni ce 'yar farinta, don haka ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata A'i, yadda mutanenmu ke yi. Babana Abdulghani mai sayar da ruwa ya rasu ina shekara uku, sai Ummi, wato mahaifiyata, ta kama aiki a gidan wani attajiri. Duk zafi mutanen gidan kan tafi Alƙahira, a 1954 suka tafi da ita. Can wani baƙonsu mai shirya fim ya gan ta goye da jaririn gidan, ya ce irinta yake nema. Masu gida suka dawo, ita ta zauna shekara tara cur.

Da ta dawo ba ta taɓa ɗaga zancen Masar ba. Ta kafa kaskonta a bakin lungu tana suyar gyaɗa. Riga za ta saya min, sai ta bi ta hannun kaka. Sunana kuwa bai taɓa fita bakinta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". In na shigo ɗaki ta kau da kai. Na san kunyar ɗan fari ce, wa bai sani ba? Amma ni cikin 'ya'yan Larabawa na tashi, ina kallon iyayensu na sumbatarsu a tsakar titi. Abin yana cina, wallahi yana cina.

A 1969 aka yi bikin Khadijatu, 'yar maƙwabtanmu. Yayin lokacin shi ne a ɗauko hayar majigi a nuna wa mata fim a tsakar gida. Aka kira Rafi'u mai injin, ya rataya farin zanen gado a bango, ya ɓuya bayan labule da na'urarsa. Ana cikin kallo sai ga wata 'yar masu kuɗi tana kuka a kan bene, sai ga baƙar mace ta rugo ta sure ta, tana sumbatar goshinta, tana "habibti, habibti", hawaye sharkaf.

"La ilaha illallahu, Mastura ce!" in ji wata tsohuwa. Gida ya ɗauki guɗa. Mata suka yi ca a kanta, wannan ta ja hannu, waccan ta ce ashe da tauraruwa muke sayen gyaɗa. Ummi ta rufe baki tana dariya. Ban taɓa ganinta da irin wannan fara'ar ba.

Ni kuwa da baƙar zuciyata na miƙe tsaye, inuwata ta rufe rabin zanen. Na ce, "Ashe kin iya runguma, Ummi? Ashe bakinki ya iya habibti? Sai dai a kan 'yar wani!"

Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ta yaya za ta tanka wa 'yar fari a gaban jama'a? Ni wawiya na ce kun gani, ko a jikinta. Na yi halas da ita, na fita harkarta, gaisuwa kawai, ita ma a tsaye.

Bayan shekara biyu na haifi Othman. Ranar suna surukata ta tambaye ni me aka sa wa yaro, sai na ji harshena ya yi nauyi, na kau da kai, alhali ƙirjina kamar ya fashe don sonsa. Nan na gane abin da na yi. Na ce ina yin arba'in zan je in durƙusa wa Ummi. Zazzaɓin kwana uku ya riga ni, ya yi ajalinta.

Ko hotonta ɗaya ba mu da shi. Da aka share makoki na nemi shagon Rafi'u, na kira shi baffa da Larabci, na ce, "Ammi Rafi'u, fim ɗin bikin Khadijatu nake so, in ga fuskarta."

Ya daɗe yana goge tabarau. "Ya binti, 'yata, mako guda bayan bikin ta zo nan. Ta ce in yanke duk inda take, kada yarinyar nan ta sake gani ranta ya ɓaci. Na roƙe ta, ta ƙi. Na yanke na liƙe, ta ƙulle guntayen a mayafi ta tafi da su."

Na ce ya sa min haka nan. Ya rufe taga ya kunna. 'Yar masu kuɗi tana kuka a kan bene, hoton ya ɗan yi tsalle, sai ga ta tana dariya ita kaɗai. Na ce ya maido baya. Sau huɗu yana maidowa, sannan ya kashe injin ya ce in je gida, yaro na jira.