Ɗiyar da Na Yaba a Gindin Aduwa

Shekarun baya, tun ɗaliban aikin jinya ba su san ana zama a ɗaki a karɓi bayanin fita ƙauye ta waya ba, makarantarmu ta tura mu yankin Adar aikin gwaji cikin jama'a, abin da muke ce wa istaj. Lokacin dimokuraɗiyya tana sabuwa fil, kowa da jam'iyyarsa, kowa da yajin aikinsa. Mu namu bayanin a Tawa aka yi mana shi, ƙarƙashin wata rumfa, cikin hantsi guda. Wani malami ya karanto mana aikinmu: awon yara, riga-kafi, da hira da mata kan abinci da tsafta. Ya raba mu uku-uku, ya dube ni ya ce ni ce shugabar tawagarmu. Jama'a, mu uku ne fa har da ni, amma yadda na fito daga rumfar nan sai ka rantse ma'aikatar lafiya aka danƙa mini.

Ƙauyen da aka kai mu yana can bayan Tebaram. Tsakiyar rani ne, maza duk sun tafi Abijan nema, ba kowa a gari sai mata da yara da tsofaffi. Majo, wato babban ma'aikacin ɗan asibitin ƙauyen, ya karɓe mu da fara'a, ya nuna mana ɗakin kwana da inda magani yake. Ba mu gama sanin hanyar rijiya ba ya ce ma'aikata sun shiga yajin aiki, zai leƙa Tawa ya dawo. Ya ba ni makulli ya hau mota. Dawowar da bai yi ba ke nan har na bar garin.

Ba a jima ba abokan karatuna biyu suka ji a rediyo cewa ɗalibai ma sun shiga yajin. Suka ce mu tattara. Na hau su da faɗa, na ce shugaba ba ta gudu ta bar aiki. Ɗaya daga cikinsu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To shugaba, a shugabanci bango lafiya." Ranar kasuwa suka bi motar kaya, suka bar ni da makulli da sikelin awon yara.

Da farko abin bai dame ni ba. Matan garin sun karɓe ni, suna ta dariyar Hausata ta Damagaram, ni ma ina dariyar tasu. Akwai wata tsohuwa da gidanta ke kallon asibitin. Kullum da rana sai ta kawo mini fura, ko in ce hura kamar yadda suke faɗi, ta zauna a bakin ƙofa muna hira har la'asar. "Ɗiyata" take ce mini, ni kuma ina ce mata Inna. A gidan akwai matar ɗanta, mai kunya, mijinta yana Abijan, tana goyon wata ɗiya mace. Yarinyar nan kuwa ta cika ta batse, kumatu kamar an hura, cinyoyi duk sun yi ninki. Ita ce ta jawo mini abin da zan ba ku labari.

A makaranta an koya mana wata dabara. Idan ka tara mata, ka zaɓi uwar da ɗanta ya fi lafiya, ka nuna ta a gaban kowa, sauran su yi koyi da ita. Da Faransanci aka koya mana, da Faransanci na haddace, har na ci maki mai kyau a kai. Ranar awo na rataya sikeli a reshen aduwar da ke gaban asibiti, mata suka cika wurin. Da aka zo kan yarinyar nan na saka ta cikin ɗan wandon sikeli, allura ta yi ƙasa sosai. Sai na ciro ta, na ɗaga ta sama da hannu biyu, na ce, "Ku duba nan. Duk garin nan babu mai nauyinta. Ku ga kumatu, ku ga cinya. Haka ake son yaro."

Uwar ta miƙo hannu ta karɓe ɗiyarta da sauri, ta jefa mata gefen zane a ka. Inna ta sunkuyar da kai tana motsa leɓe. Ni kuwa gwanar, na ce a raina kishi ne ya kama sauran matan, dabara ta ci. Ni da na tashi a gidan da ko akuya ba a yabawa sai an ce tubarkalla, ranar ko sau ɗaya kalmar ba ta zo bakina ba. Littafi ya cika mini kai har ya ture abin da mahaifiyata ta zuba a ciki.

Bayan 'yan kwanaki yarinyar ta kamu da amai da gudawa. Zafi ya yi zafi a lokacin, ruwan rijiya ya ja baya ya koma laka-laka, yara da yawa sun kamu. Amma cikinsu duka ita kaɗai aka ɗaga sama aka yaba. Ba wanda ya zo ya gaya mini abin da ake faɗi. Na dai ga rana ta yi, fura ba ta zo ba. Na je rijiya na yi gaisuwa, aka amsa mini a taƙaice, kowace mace ta juyo da goyonta gaba ta lulluɓe shi. Ranar awo ta zagayo, na rataya sikeli, na share gindin aduwa, na shimfiɗa tabarma. Na zauna har aka kira azahar, ko mace ɗaya ba ta leƙo ba. A bakin wata mai tallan kuka na ji maganar, ita ma ba da ni take ba: Madam ɗin asibiti tana da baki, ta kama ɗiyar mutane.

Ban taɓa sanin kaɗaici ba sai a wannan zama. Gari ne cike da mutane, ina jin dakansu, ina jin dariyarsu ta kan katanga, amma sai in wuni ban yi magana da kowa ba. Batirin rediyona ya mutu. Babu waya, babu wanda zan aika. Sai in dafa ɗan abin da zan ci, in zauna in tasa shi gaba har ya huce. Wani lokaci da rana tsaka nakan buɗe ɗakin magani in jera kwalabe, in sake jera su, don dai hannuna ya sami abin yi. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, na yi kewar mahaifiyata kamar ƙaramar yarinya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar. Gidansu ga shi ga ni, kuma na san abin da gudawa ke yi wa jariri cikin wannan zafi. Na je na yi sallama, Inna ta tare ni a bakin zaure.

"Inna, na zo in duba ɗiyar."

"Tana kwana, Madam."

Madam. Ba ɗiyata ba. Kuma daga inda nake tsaye ina jin kukan yarinyar, wani siririn kuka marar ƙarfi, irin wanda duk mai aikin jinya ba ya son ji. Na koma washegari, aka sake ce mini tana kwana. Na dawo ina huci, ina faɗa ni kaɗai a ɗaki, ina zagin jahilci da duk wanda ya kawo ni garin.

Da hantsin rana ta gaba sai ga Inna ta shigo asibiti da ƙwarya da buta, wasu tsofaffin mata biyu suna bin ta. Ba ta zauna ba.

"Madam, ba mu ce ke mayya ta ba," in ji ta. "Baki dai na, kuma kowa nashi na iya kamawa. Ki taho ki yi alwala cikin ƙwaryar ga, mu zuba ma ɗiya. Shi kaɗai muka roƙo."

Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Na san wannan magani, a garinmu ma ana yin sa: wanda bakinsa ko idonsa ya kama mutum shi ke yin alwala a zuba wa marar lafiya ruwan. Idan na yi, na amsa da bakina a gaban gari cewa ni na kwantar da yarinyar. Idan na ƙi, ba zan taɓa tsallaka zauren nan ba. Har na buɗe baki zan ce ni ba boka ba ce, sai aikin ya riga ni magana.

"Inna, yaya maɗigarta?"

"Ta hwaɗa."

"Tana fitsari?"

"Tun jiya ba ta jiƙa zane ba."

Nan take fushin ya sauka, tsoro ya maye wurinsa. Na ce, "Zan yi. Amma ruwan alwalar a jiki za a zuba mata, ba za ta sha ba. Wanda za ta sha ni zan haɗa shi, kuma da hannuna zan ba ta." Tsofaffin suka dubi juna. Inna ta ce, "Mun yarda."

Kafin mu isa, tsakar gidan ya cika da mata. Ashe kowa ya san za a je ɗauko ni. Na tsuguna, aka ajiye ƙwarya a gabana, na fara alwala ruwan yana zuba ciki. Daga bayana na ji wata ta ce a hankali, "Ashe dai ta san ita ta." Wato na san ni ce na kama yarinyar. Na ji maganar har cikin ƙashina, amma ban ɗago ba. Da na gama Inna ta ɗauki ƙwaryar ta yi bismilla ta zuba wa jikarta daga ka har ƙafa.

Sai a lokacin na ga yarinyar sosai. Idanu sun zurma, kumatun nan duk sun tafi, na ja fatar cikinta ta tsaya ba ta koma ba. Na sa aka tafasa ruwa, na haɗa gishiri da sukari, na zauna a ƙasa kusa da uwar ina ɗura mata da ƙaramin cokali. Ta amayar, na jira kaɗan na ci gaba. Na ce wa uwar kada ta daina ba ta nono. Ba ta dube ni ba, amma duk abin da na ce sai ta yi. Muna nan har inuwa ta juya. Wajen la'asar uwar ta ɗaga zanenta ta nuna wa Inna, ya jiƙe. Tun da nake ban taɓa murna da fitsarin mutum irin ta ranar ba.

Na yi ta zuwa kullum har yarinyar ta miƙe. Gari kuwa ya yanke hukuncinsa: ruwan alwala ya yi aiki, baki ya saki. Sau ɗaya na gwada cewa, "Inna, ruwan gishirin nan fa shi ne..." Ta katse ni da, "Allah dai ya ba da lahiya, Madam."

Daga nan mata suka fara zuwa koyon haɗa ruwan gishiri da sukari, don sun ga ba ya cutarwa. Awo ma ya dawo, amma da sabon tsari. Inna ce ke saka yaro a sikeli, ni in karanta allura in rubuta, ban ce komai ba. Fura ta dawo ita ma, sai dai a bakin ƙofa ake ajiye ta. Aiki ya tafi daidai, yara sun samu sauƙi, ni kuwa har na gama zamana babu wadda ta sake zama hira da ni.

Ranar da zan tafi ina tsaye a bakin motar kasuwa, sai ga uwar yarinyar da goyonta, an lulluɓe shi ruf da zane. Ta miƙo mini cuku a ƙulle cikin tsumma ta ce, "Madam, Allah shi saka da alheri." Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini. Na so in ga fuskar yarinyar ko sau ɗaya. Hannuna ya ɗaga zuwa zanen, sai uwar ta ja da baya taku ɗaya, a hankali, ba da faɗa ba. Na sauke hannuna. Ƙafa ɗaya kawai na gani ta leƙo ta gefen goyon, har ta fara mayar da jiki. Na haɗiye yabon da ya zo bakina, na ce Allah ya raya, na hau mota.

Yanzu ni ke raka ɗalibai ƙauye, kuma suna yawan tambayata mene ne shugabanci, don an sa shi cikin darussansu. Nakan ce musu Hausawa sun riga sun gama magana, babba juji ne. Wata rana za a kawo sharar da ba taka ba a zuba maka, kuma idan ran wani yana bayan wannan sharar, sai ka tsaya a zuba. Suna rubutawa, suna gyaɗa kai. Abin da ba na gaya musu shi ne ba a zuwa daga baya a kwashe.

Ban sake komawa garin ba. Idan Allah ya raya yarinyar nan, yanzu ita ma uwa ce. Na tabbata an ba ta labarina, cewa tana jaririya wata Madam 'yar Damagaram ta kusa kashe ta da baki. Har yau abin yana yi mini ciwo. Amma da za a sake ajiye ƙwaryar nan a gabana, wallahi tsugunawa zan yi.