Kalmar da Ta Kwashe Irin Malam Ummaru

Da ana dawo da ranar da ta wuce, da na dawo da wata Litinin ta farkon noman rani, in buɗe baki in ce ban gane ba. Ranar ba ta taɓa barin raina ba, shi ya sa nake ba ku labarinta, ku da kuka kama aikin ƙofar ruwa bayanmu.

A lokacin ni ke kula da ƙofar da ke ba gonakin wajen Birnin Tudu ruwa daga babbar magudana. Akwai ƙarfen da ake murɗawa ƙofa ta ɗaga ko ta sauka, akwai kuma sandar awo mai lambobi a tsaye cikin ruwa. Umarni a takarda yake zuwa daga ofishin sashe, da Turanci. Firamare kaɗai na gama, amma ni abokan aiki ke kawo wa takarda in karanta, har suka laƙaba mini Bature. Sunan ya shiga kaina.

Ranar Litinin ɗin da hantsi Injiniya Basiru, sabon shugaban sashenmu, ya tsaya da babur ya miƙo mini takarda. Abin da ke ciki lamba huɗu ce da kalmar constant.

"Baba Sani, an gane ko?"

"Haba Injiniya, tun ba a haihe ka ba nike karanta irin wagga takarda."

Ya yi dariya ya wuce Mafara.

Ban gane ba. Continuous na sani, wato ruwa ya yi ta tafiya ba tsayawa, sai na ɗauka duk ɗaya ne. Huɗun kuma na ɗauke ta kwana huɗu. Na murɗa ƙarfe na buɗe ƙofa har ƙarshe.

Talata kowa ya tafi kasuwa, ba wanda ya lura. Laraba da safe ƙaramar magudana ta cika ta fashe, ruwa ya bi ta kan irin shinkafar da Malam Ummaru ke reno don dashe. Dattijo ne mai gona ɗaya, kuma ba shi da sauran iri. In lokacin dashe ya wuce shi, ya rasa noman ranin shekarar.

Ya same ni bakin ƙofa, wandonsa duk laka. Bai fasa gaisuwa ba, har iyali ya tambaya, sannan ya ce, "Sani, mi niy yi maka?"

"Ni? Ga takarda, haka Injiniya ya rubuta."

Wannan maganar ta fi ɓarnar ruwan yi mini ciwo har yau.

Da Basiru ya iso manoma suka yi masa caa, wani na cewa an turo musu yaron da bai san shinkafa ba sai a faranti. Ya karɓi takardar, ya dubi sandar awo, ya dube ni. Sai ya ce musu laifinsa ne, bai yi bayani ba. Da suka watse ya ja ni gefe, na gaya masa yadda na fahimci kalmar.

"Baba, continuous ba tsayawa, gaskiyarka. Constant kuwa ba canzawa. Ruwa ya zauna a kan lamba huɗu, kada ya hau, kada ya sauka."

Yaron da na haifi kamarsa ya rufa mini asiri, ni kuwa na jefa shi bakin mutane. Bayan Azahar na tsaya ƙofar masallaci na faɗa wa manoma yadda aka yi, ban rage komai ba. Sai Malam Ummaru ya ce, "Ashe Bature ma na faɗuwa jarabawa." Aka bushe da dariya, ni ina share ido.

Nan take wani ya ce zai ba shi dami biyu na irin dashe, wani ya ce uku. Kafin mako ya zagayo gonar ta samu abin dasawa, ni ma na tuɓe kakin aiki na yi kwana uku cikin laka tare da shi. Shinkafarsa ta makara, amma ya yanka. Daga ranar kuma Basiru ya riƙa ƙara layin Hausa a ƙarƙashin kowane umarni.

Aikin ƙofa ya koya mini cewa manomi na yafe kuskure in an gaya masa gaskiya. Ku kun fi mu karatu, kuma ina murna da haka. Roƙona ɗaya ne: ranar da kalma ta shige muku duhu, ku tambaya kafin hannu ya kai ga ƙarfe. In kuma ɓarna ta auku, kada ku miƙa takardar wani ku ɓuya bayanta yadda na yi.